Tayoyin Motar Bappa

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2014, da hantsi

Yau na yi sabon ɗalibi, kuma ya isa ya haife ni.

Gidan yayata Becky a nan unguwar Ajiya, cikin Jimeta, ya cika ya batse tun da muka sauka daga Mubi. Falo mutane, kicin mutane, har gindin mangwaro an shimfiɗa tabarmi. Maƙwabcinta, Bappa Hamajoɗa, shi ya leƙo ta kan katanga ya gan ni ina gyangyaɗi a zaune kan bokiti, ya ce akwai ɗaki a zaurensa, ba kowa ciki sai tsofaffin tayoyi. Na kwaso kayana, wato leda ɗaya, na koma can.

Tsohon direban babbar mota ne, ɗan cikin Yola, ya yi gini a Jimeta don ya kusanci tasha. Da safe muna shan shayi ya tambaye ni aikina. Na ce zane nake koyarwa a sakandare.

"Zane?" ya ce. "Na ɗaurawa? Shi ma har sai an je makaranta?"

Matarsa, Dada Raliya, tana daga tsakar gida ta yi dariya har ta ƙware.

Da na yi masa bayani sai ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna mini. Rawa yake yi. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Ya tashi, yana tafiya, amma hannun bai dawo duka ba. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba mage ba ne da zai wuni yana wasa da ƙwallo. Abin da yake so shi ne ya zana motarsa mai bodin katako, wadda ya raɗa wa suna Munyal, wato haƙuri da Fulatanci. Shekara da shekaru ta kai shi Garwa da Anacha da Maiduguri, ya sayar da ita babu ko hoto ɗaya.

Na ce, "Bappa, mota akwati ce a kan tayoyi. Amma kafin akwati sai layi."

Na ɗiga masa ɗigo biyu a takarda na ce ya haɗa su. Abin da ya fito kamar sawun maciji a yashi. Ya duba, ya ce ai hanyar Ganye ma haka take, kuma ana isa.

Na gwada lambar matata Fibi da wayar Becky, tunda tawa ta faɗi a hanya. Ba ta shiga. Ta tafi duba mahaifiyarta a ƙauyensu ta wajen duwatsu, ana gobe mahara za su shiga Mubi. Iyakar abin da zan rubuta a kai ke nan.

Talata, bayan la'asar

Shafi biyu na layuka. Gutsi-gutsi yake ja, ɗan nan ɗan nan, sai layin ya fito da gashi kamar igiyar rama. Na ce ja ɗaya za a yi, ko ya kauce a bar shi haka. Na karɓe fensir da kilina na ba shi biro, don mai kilina a hannu ba ya gama layi. Sannan da wuyan hannu yake ja, kuma nan rawar take. Na ce ya ƙulle wuyan hannun, ya ja daga kafaɗa. Babbar matsalar dai, bakin biro yake kallo. Na ce ya kalli ɗigon da zai je.

Nan ya ajiye biron. "To Malam, ka ce mini tuƙi ne mana! Direban da ke kallon bonet shi ke faɗawa rami."

Daga nan layuka suka fara fitowa sumul. Ya kira Dada ta zo ta gani. Ta ce ta gani, Allah ya ba da lada, amma shi layin nan ana miya da shi?

Na gwada lambar Fibi. Ba ta shiga.

Laraba, da safe

Na koya masa ya riƙa kai hannu yana dawowa a saman takarda kafin biro ya taɓa. Dada ta ɗauka ƙuda yake kora, ta kawo masa mafici.

Alhamis, da yamma

Ba darasi yau. Na tsallaka gada na je sansanin 'yan gudun hijira da aka buɗe ta wajen Girei. Na bi rumfa-rumfa ina duba fuskoki, mutane suna duba tawa. Mu masu irin wannan kallon mun gane juna, har mukan ba juna hanya.

Na haɗu da Harrison, malamin lissafin makarantarmu. Ƙafarsa ta dama silifas ɗinsa ne, ta hagu takalmin mata mai fure. Ya ce a daji ya tsince shi, kuma ya fi nasa daɗi, in aka koma aiki da shi zai riƙa shiga aji. Muka yi dariya har mutane suka juyo. Bai ga Fibi ba. Bai ji wanda ya gan ta ba.

A hanyar dawowa na tsaya aka mayar mini da lambata a sabon sim. Becky ta ba ni wata 'yar ƙaramar waya mai tocila. Yanzu ni ma ana iya samuna. Na ƙure ƙararta.

Asabar, da hantsi

Mun shiga da'ira, kuma mun yi faɗa.

Na ajiye kofin shayi a kan tabarma na ce ya zana bakinsa. Ya yi shi zagaye sosai kamar faifai. Na ce ya sake dubawa: daga inda yake zaune bakin kofin ya kwanta, ya yi tsawo ta gefe, ya tsuke sama da ƙasa, kamar ƙwai.

"Kofin nan," ya ce, "daga Garwa na sayo shi. Zagaye ne. Kullum bakina yana kai."

"Bappa, abin da ido ya gani za ka zana, ba abin da ka sani ba."

"Ashe ido yana ƙarya."

"Yana yi. Mu aikinmu mu bi shi."

Na ɗaga kofin a hankali daga ƙasa zuwa daidai idonsa. Ya ga bakin yana tsukewa, yana tsukewa, har ya zama layi ɗaya. Ya karɓa ya yi da kansa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, sauran shayin yana zuba a rigarsa. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Tun ina yaro nake shan shayi."

Na ce masa taya ma in ka tsaya daga kusurwar mota haka take kwanciya. In bai iya wannan ba, Munyal ba za ta tashi ba.

Ya cika shafi. Kuskurensa, yana yi wa gefen biyu tsini kamar ganyen mangwaro. Na ce da'ira ko ta kwanta ba ta da kusurwa, ya zaga sau biyu ko uku kafin ya ɗaga biro. Dada ta ɗauki shafin tana raɗa musu suna: wannan goro, wannan dankali, wannan ƙodar rago, wannan kuma kan Bappa ne ranar aski. Can ƙasa ta sami guda ta ce wannan kam ƙwai ne, za a iya soyawa. Na sa masa alama da jan biro. Ya ninke shafin ya sa a aljihu, ya tafi masallaci da shi.

Lahadi, bayan coci

Fasto ya ce waɗanda ba su ji labarin nasu ba su miƙe a yi musu addu'a. Rabin coci ya miƙe. Ni na zauna ina kallon bakin gangar 'yan kwaya, ina auna yadda ya kwanta. Becky ta taka mini ƙafa. Ban miƙe ba.

Litinin, 10 ga wata, da rana

Gari ya cika da "an ce". An ce maharan suna Hong. An ce suna Gombi. An ce sun rantse a Yola za su yi Juma'a. Tasha ba masaka tsinke. Becky ta sa yara a mota zuwa Numan wurin dangi, ta ce in shirya mu bi su.

Na ce a'a.

Ta ce, "Wilson, taurin kai ba addu'a ba ne."

Na ce in mutum ya sauko daga duwatsu Jimeta zai nufa, ba Numan ba, kuma dole ya tarar da wani. Sai ta koma ciki ta kwance jakarta, tana ta mita da yarenmu wai tun muna yara haka nake.

Dada ma ta ce da Bappa ko su koma gonarsu a Namtari kafin a ga yadda za ta kaya. Ya ce, "Ba inda za ni. Ban gama taya ba."

Laraba, da azahar

Muna zaure sai ga ƙara, dum! Kafin ka ce kwabo layinmu ya watse. Mai shago ya bar shago, mai ruwa ya bar kura, Dada ta fito a guje da ludayi a hannu, ɗankwali a ɗaya hannun. Ni ban san lokacin da na shiga bayan tayoyi ba.

Tayar tifa ce ta fashe a bakin titi.

Bappa bai motsa ba, ya ce ƙarar taya daban take, ya san ta kamar tarin matarsa. Amma da na fito na duba takardarsa, hannunsa ya zabura lokacin ƙarar, ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Miƙaƙƙe kamar da rula. Shi ne layi mafi kyau da ya yi tun da muka fara. Na rubuta masa "Madalla" a gefe. Dada ta ce to sai a riƙa fasa masa taya kowace safiya.



Alhamis, da yamma

Yau darasin nisa da kusa. Na zana masa hanya: layi biyu masu tazara a ƙasa, suna matsowa har su haɗu a ɗigo ɗaya can sama. Ya ture takardar.

"Wannan kam ban yarda ba. Kofi na yarda. Amma hanya? Tun ba a haife ka ba nake bin hanya, ban taɓa zuwa inda ya tsuke mota ya maƙale ba."

Sai na tare keke muka je bakin gada. Na tsayar da shi a gefe na ce ya duba. Turakun gadar suna gajarcewa ɗaya bayan ɗaya, gefe da gefe suna matsar juna. Na nuna masa yadda ake miƙa biro a tsawon hannu, a rufe ido ɗaya a yi awo. Wata tirela can ƙarshe, ta wajen Vinikilang, ba ta kai girman farcensa ba. Can ya ce, "Kullum ina gani ta gilashi. Ban taɓa dubawa ba."

Ya jingina takarda a kan ƙarfen gada ya fara ja. Sai ga wani ɗan banga, layu har gwiwar hannu, bindigar toka a kafaɗa.

"Baba, me kuke zanawa a gada a irin wannan lokaci?"

Ko kusa ban kawo wannan a raina ba. Bappa kuwa ya miƙa masa takardar da fara'a, kamar mai nuna jika. Mutumin ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Mene ne wannan?"

"Gada."

Ya kalli gadar, ya kalli takardar. "Baba, wannan ko a hannunsu ka damƙa ba za su gane gada ce ba. Amma don Allah ku tafi gida."

Duk hanyar dawowa Bappa yana huci. Ba zargin ne ya dame shi ba. Ya ce yaron bai san aiki ba, bai ma riƙe takardar daidai ba.

Har yanzu mutane suna tsallakowa da ƙunshi a ka. Daga can ɗigo ne, sai ya zama mutum, sai ya zama mace, sai mace mai shuɗin zane, sai ta zama wata. Na ɗauka Bappa turaku yake aunawa. Ashe ni yake kallo.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Bappa ya dawo da baƙo. Bawa, wanda ya yi masa karen mota a da, yanzu shi ma ya yi furfura, yana jigila tsakanin Yola da Garwa. Har yau ba ya zama a gaban Bappa sai a tsugune. Ya ce mutanen wajen duwatsu da yawa Kamaru suka tsallaka, suna warwatse a makarantu da coci-coci da gidajen mutane, ba waya, ba kowa.

Bappa ya juyo. "Malam, kawo hoto."

Ban taɓa yi masa maganar Fibi ba. Becky ce, na sani.

Hotuna suna cikin wayar da ta faɗi, sauran suna bangon falo a Mubi. Becky ta kawo na ranar aurenmu: Fibi da lulluɓi a fuska, rabin abin da ya rage kuma gwaggwaron wata ya rufe. Bawa ya duba ya ce da wannan sai dai ya nemo mai gwaggwaron.

"To zana ta," in ji Bappa. "Ba kai ne malamin ba?"

Tun da na zo ban zana komai ba, sai ɗigo da layi da jan biro a aikin wani. Na ce sai na sami takarda mai kyau. Ya ce ga takarda. Na ce haske ya yi ƙasa. Ya ce gobe rana za ta fito in sha Allahu.

Asabar, da hantsi

Ɓata takardu kawai nake yi.

Asabar, da la'asar

Ya shigo ba sallama, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki ɗaya daga waɗanda na cukuikuye ya warware. Ya miƙa ta a tsawon hannu, ya rufe ido ɗaya.

"Malam, layinka ya yi gashi."

Na ce na sani.

"Tsoro kake ji. Mai tsoro shi ke taka birki kowane taku." Ya zauna a kan taya, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga mace a takardar nan.

Na ɗauki sabuwa. Goshi na fara. Sai girar hagu da ɗan tabon da murfin tukunya ya yi mata. Sai wushirya, don haka dole na zana ta tana dariya. Daga nan hannuna ya tafi da kansa, ban san yamma ta yi ba.

Na kira su. Becky ta rufe baki da gefen zane, ta daɗe a haka, sannan ta ce hancin ya yi tsawo. Na ce na fi ta sanin hancin matata. Dada ba ta taɓa ganinta ba, amma ta ce daga gani matar nan ba ta ɗaukar wargi. Gaskiya ne. Bappa ya nemi jan biro, ya rubuta wani abu da ajami a kusurwa. Na tambaye shi, ya ce "Madalla" ne.

A ƙasa na sa sunanta, da "Wilson yana Jimeta, yana lafiya", da lambata. Bawa ya faɗa mini yadda za a sa da Fulatanci.

Litinin, 17 ga wata, da safe

An buga kwafi da yawa. Bawa ya tafi da su, zai raba wa direbobi su liƙa a gilashi da bangon tasha. Mai injin ya tambaye ni ko 'yar takara ce.

Talata, da hantsi

Akwati. Na farko bayansa ya fi gabansa girma, kamar zai haɗiye mai kallo. Na ce abin da ke nesa shi ke ƙanƙancewa, layukan gefe duk wuri ɗaya suke nufa, kamar na gada. Ya ce ya sani, hannun ne bai je gadar ba.

Amma hannun ya fara jin magana. Yau da shi ya ɗauki buta.

Alhamis, da yamma

An ce an ƙwato Mubi daga hannun maharan. Harrison ya bi wata mota ya je ya gani. Ya kira ni daga ƙofar gidanmu. Ƙofa a buɗe take. Ya ce kada in tambaye shi sauran. Fibi ba ta can.

Bappa ya kawo akwatuna shafi guda. Na bi su da jan biro ɗaya bayan ɗaya, har takardar ta huje. Na ce, "Sau nawa zan faɗa?" Ya ninke ta a hankali ya shiga gida.

Juma'a, da hantsi

Bai fito ba. Dada ta kawo mini kunun gyaɗa ta ajiye. Ta ce, "Ɗalibinka ya ce malam ba shi da lafiya, ya ba shi hutu yau. Shanye duka, ina son kwanona."

Asabar, da safe

Ya fito da sabon shafi kamar ba a yi komai ba. Akwati na uku ya zauna daram. Na ce ya yi. Ya ce ya san ya yi, so yake ya ji ko malam ya warke.

Litinin, 24 ga wata, da azahar

Waya ta yi ƙara, lambar Kamaru. Wani mutum ya ce ga Fibi. Na miƙe tsaye.

Wata Fibi ce, 'yar Michika. Ta ga sunan ne ta ce a kira ko da rabo. Ta yi ta ba ni haƙuri tana kuka, ni ma ina ba ta. Ita ma mijinta take nema, tela ne, sunansa Hosea. Na ce gobe zan tambaya mata a sansani.

Talata, da yamma

Na tambaya. Wani ya ce kamar ya ga tela mai wannan suna a wani coci cikin gari. Na je, ba shi ba ne. Zan sake.

Laraba, da la'asar

Munyal ta fito! Akwati babba, akwati ƙarami a gaba, katako layi-layi, tayoyin gaba sun kwanta yadda ya kamata. Tayar baya ce dai ta fi ta gaba girma, kuma ta juya wani gefe, kamar tana son komawa gida ita kaɗai. Dada ta ce a haka ma ta san ta, kullum a gareji. Bappa ya ce mata ba su san mota ba. Ta ce ta san wadda ta tura a hanyar Fufore da ciki wata bakwai.



Juma'a, 28 ga Nuwamba, da hantsi

Ina nuna wa Bappa yadda zai gyara tayar baya wayar ta yi ƙara. Lambar Kamaru kuma. Wannan karon ban miƙe ba. Na ce halo. Shiru, sai hayaniyar tasha. Sannan:

"Wilson. Hancin wa ka sa mini?"

Ban san abin da na ce ba. Bappa ya ce ban ce komai ba, kawai na kife masa shayi a kan Munyal.

Tana wani gari arewa da Garwa, a gidan wata mata da ta ɗauke ta. A kwanakin farko ta yi ta aron waya tana kiran lambata, ba ta shiga. Wani ya gaya mata abin da ya gaya mata game da malaman makaranta, sai ta daina kira. Yau da safe ta raka matar zuwa tasha, mai ƙosai ta nuna gilashin wata mota ta ce, "Wannan ba ke ba ce?" Fibi ta ce suna nata ne, wushirya tata ce, hanci ne dai ba ta san mai shi ba.

Na tambayi labarin Mama, mahaifiyarta. Ta ce sai ta zo.

Dada ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito. Becky ba ta tsaya bin ƙofa ba, ta kan katanga ta hauro, da girmanta, zane ya maƙale a ƙusa. Ta rungume ni tana cewa, "Ban gaya maka ba? Ban ce ya yi tsawo ba?" Bappa ya shiga ciki ya yi alwala, ya daɗe. Da ya fito idonsa ja wur, ya ɗaga takardar tana ɗigar shayi ya ce ba komai, dama tayar ba ta yi ba, zai sake sabuwa.

Asabar, da rana

Bawa zai je ya ɗauko ta da kansa. Na yi aski. Na share ɗakin sau biyu. Dada ta ce ba a ajiye mace cikin tayoyi, ta gyara mana ɗakin 'yarta da ta yi aure.

Litinin, 1 ga Disamba, da yamma

Ita kaɗai ta sauko daga motar.

Zanen wata ne a jikinta, ƙafafunta duk sun tsattsage. Duk maganar da na shirya ta gudu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka rame." Na ce, "Ke fa?" Muka tsaya a tsakiyar tasha riƙe da juna, masu keke suna ta yi mana hon.

Talata, da hantsi

Barci take yi. Dada ta hana kowa tari a gidan.

Bawa ya zo gaisuwa, Bappa ya ajiye sabon zanen a kan tabarma kamar bai san yana wurin ba. Bawa ya kalla sau ɗaya ya ce, "Munyal!" Ya sa yatsa a bayan bodin ya ce nan yake rataye tun daga Yola har Anacha. Suka shiga Fulatanci, na bar musu zauren.

Mama ta hau dutsen da ƙafarta, ta tsallaka. Bayan nan ne zazzaɓi ya kama ta. Mutanen ƙauyen da suka sauka su suka haƙa kabari, su suka ɗauka, ba wanda ya tambayi addininta. Fibi ta faɗa mini wannan jiya tana kallon bango. Ban tambayi ƙari ba.

Laraba, bayan la'asar

Ta ci tuwo, ta ƙara. Ta gaishe da Bappa har ƙasa, ya ce ta tashi, shi bai yi komai ba, zaman taya kawai ya yi. Na ba ta labarin ɗaya Fibin, ta ce gobe tare za mu je neman telan, ni ban iya tambaya ba.

Da gida ya yi shiru ta ɗauko takarda da fensir ta ajiye a cinyata.

"Mama ba ta da hoto," ta ce. "Ba ta yarda a ɗauke ta. Ka yi yanzu, tun muna gani."

Na fara. Tana zaune a gefen kafaɗata tana gyara. Goshin ya fi haka faɗi. Kunnen ya yi sama. Tsagar kumatun uku ce, ba biyu ba. Wani wurin ta yi dariya, wani wurin ta tashi ta je ta sha ruwa ta dawo. Da na zo ɗankwali ta riƙe mini hannu.

"Ba haka take ɗaurawa ba. Tsaya."

Ta kwance nata, ta naɗa shi ta baya, ta ƙulla a gefen hagu, ta saki jela ɗaya a kan kunne. Sai ta koma gabana ta zauna a kan turmi, ta ɗaga haɓa, ta ɗora hannu biyu a gwiwa yadda Mama take zama in ana mata gardama.

Na kasa ɗaukar fensir.

"Yi sauri," ta ce, "kafin wuyana ya gaji."